Yoyon Man Sitiyari: A Duba Kafin A Kama Hanyar Bauchi

Mutanen Bauchi mazauna Ikko da Badun sukan tafi gida da Salla cikin tsofaffin motoci irin su Mercedes da Peugeot 505, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975. Masu sitiyari mai aiki da mai sukan gamu da ciwo guda, watau yoyo. Zafin bazara na Bauchi, wanda yakan kai digiri 40, da ƙurar hunturu, su ke busar da robobi har su tsage.

Alamarsa ita ce kuka in an juya sitiyari, da tauri, da jan mai a ƙasa. Ƙara mai kullum ba magani ba ne. Famfon da ya bushe yakan lalace, sitiyari ya yi nauyi ana tsakiyar kwana a gangaren Jos.

Makaniken kirki yakan wanke wurin tukuna, ya ta da inji, ya juya sitiyari dama da hagu, kana ya duba wuri huɗu: bakin tiyo mai matsi, da maɗaurin tiyon komawa, da robar famfo, da robobin sandar sitiyari. Tiyo mai matsi ba a ɗaure shi da waya, sai a sake sabo. Bayan gyara a ɗaga gaban mota, a yi ta juyawa har iska ta fita.

Kada a kuskura a zuba man birki, don yana kumbura robobi. Rigakafi dai ya fi magani.