Ceton bankuna da kuɗin jama'a: muhawarar da Majalisar Tarayya ta fara tun 2009

Ranar Juma'a 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sanar da sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank. Babban Bankin ya kuma zuba musu naira biliyan 420 domin kada su durƙushe.

A farkon Oktoba aka sake sauke shugabannin Bank PHB, Spring Bank da Equitorial Trust Bank, aka kuma ware naira biliyan 200 ga waɗannan ukun da Wema Bank. Jimillar kuɗin ta kai naira biliyan 620, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na shekarar, wanda ya kai kimanin naira tiriliyan 3.1.

Ba a nemi amincewar Majalisar Tarayya ba kafin a fitar da kuɗin. Wannan ne ya tayar da muhawara a kan wanda ke da ikon ceton banki, da wanda zai biya kuɗin ceton, da wanda zai sa ido a kan mai ceton. Har yau waɗannan tambayoyi na dawowa duk lokacin da wani banki ya shiga matsala.

Yadda bankunan suka shiga matsala

Banki ba ya ajiye dukkan kuɗin da aka ba shi amana a cikin ma'ajinsa. Yana ba da mafi yawansu rance, ya riƙe kaɗan don biyan masu zuwa cire kuɗi yau da kullum. Idan masu karɓar rancen suka kasa biya, ko kuma masu ajiya suka firgita suka zo gaba ɗaya, bankin zai kasa sallamar su. Kuma da yake bankuna suna ranta wa juna kuɗi, faɗuwar babban banki guda na iya jan sauran.

Tsakanin 2004 da 2005, a zamanin Farfesa Charles Soludo, an ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Yawan bankuna ya ragu daga 89 zuwa 25, daga baya 24. Sabbin manyan bankunan sun tara kuɗi masu yawa, wasu daga cikinsu kuma suka riƙa ba da rance ga masu sayen hannun jari da masu shigo da man fetur. Akwai kuma rancen da shugabannin wasu bankuna suka bai wa kansu da makusantansu.

A 2008 matsalar tattalin arzikin duniya ta iso. Farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a ƙarshen shekarar, kasuwar hannun jari ta Legas kuma ta yi mummunar faɗuwa. Basussuka suka maƙale. Binciken da Babban Banki da Hukumar Inshorar Kuɗaɗen Ajiya ta Ƙasa, wato NDIC, suka gudanar ya nuna cewa wasu bankunan sun dogara ne kacokan da rancen gaggawa na Babban Banki.

Hujjar 'yan majalisa

'Yan majalisar da suka soki matakin, musamman a kwamitin harkokin bankuna da kuɗi na Majalisar Wakilai, sun kafa hujja da sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya hana fitar da kuɗi daga asusun gwamnati sai da izinin dokar da Majalisar Tarayya ta zartar. A ganinsu, Babban Banki mallakar Gwamnatin Tarayya ne, saboda haka asarar da ya yi asarar 'yan ƙasa ce, kuma wakilan 'yan ƙasa ne ya kamata su amince kafin a ɗauki irin wannan kasada.

Masu suka sun ƙara da batun adalci: manomi da ƙaramin ɗan kasuwa na shan wahala kafin su samu rance, amma bankin da ya yi sakaci da amanar jama'a ya samu biliyoyi a rana ɗaya. Akwai kuma fargabar cewa idan shugabannin bankuna suka tabbatar gwamnati ba za ta bari su faɗi ba, za su ƙara yin ganganci da kuɗin masu ajiya.

Amsar Babban Banki

Babban Banki ya ce rance ya bayar, wanda za a biya da kuɗin ruwa, kuma daga asusunsa kuɗin suka fito, ba daga kasafin kuɗin ƙasa ba. Ya dogara da Dokar Babban Banki ta 2007, wadda ta ba shi 'yancin cin gashin kansa da ikon ranta wa bankin da ya shiga ƙarancin kuɗi, da kuma Dokar Bankuna ta 1991, wadda ta ba Gwamna ikon sauke shugabannin bankin da ke cikin haɗari.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta lokaci. Da an kai sunayen bankunan zauren majalisa aka yi makonni ana tafka muhawara a bainar jama'a, masu ajiya za su yi tururuwa su kwashe kuɗinsu kafin a kaɗa ƙuri'a. Babban Banki ya kuma nuna cewa masu ajiya aka ceta: an kori shugabannin, an wallafa sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, Hukumar EFCC ta gurfanar da wasu a kotu. A Oktoban 2010 kotu ta yanke wa tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, hukuncin ɗaurin wata shida tare da ƙwace kadarori na kimanin naira biliyan 190.

Amurka ta bi wata hanya dabam a shekarar da ta gabaci wannan, kuma abin da ya faru a can ya bai wa kowane ɓangare hujja. Gwamnatin George Bush ta nemi izinin majalisa don ware dala biliyan 700. Ranar 29 ga Satumba, 2008, Majalisar Wakilan ƙasar ta ƙi amincewa da ƙuri'a 228 a kan 205, kasuwar hannun jari ta New York ta yi faɗuwar da ta girgiza duniya a ranar. Kwana huɗu bayan haka aka zartar da dokar, amma da sharaɗin sakin kuɗin kashi-kashi da kafa kwamitin sa ido. Jinkirin ya jawo asara, sai dai ya samar da sharuɗɗan da ba su cikin buƙatar farko.

Inda majalisa ta shigo: dokar AMCON

Rancen Babban Banki ya kwantar da hankalin masu ajiya, amma bai share basussukan da suka maƙale ba. Wannan aiki ya buƙaci sabuwar doka, a nan ne kuma majalisa ta samu damar yin tasiri. Majalisun biyu sun zartar da ƙudirin kafa hukumar sayen basussukan bankuna, AMCON, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a watan Yuli, 2010.

Hukumar ta sayi basussuka sama da 12,000 daga bankuna a kan farashin da bai kai darajarsu ta asali ba, ta kuma cike giɓin jarin bankunan da aka ceta. Ta biya ne da takardun lamuni waɗanda Gwamnatin Tarayya ta tsaya musu, daga baya kuma babban kason bashin ya koma hannun Babban Banki.

A watan Agusta, 2011, aka soke lasisin Afribank, Bank PHB da Spring Bank, aka maye gurbinsu da Mainstreet, Keystone da Enterprise a ƙarƙashin AMCON. Access Bank ya haɗiye Intercontinental, Ecobank ya karɓi Oceanic, FCMB ya karɓi Finbank, Sterling kuma ya karɓi Equitorial Trust. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma masu hannun jari da dama sun tafka asara, dubban ma'aikata kuma sun rasa aikinsu.

Don biyan bashin, an kafa asusu na musamman. Babban Banki ya ɗauki alƙawarin zuba naira biliyan 50 duk shekara na tsawon shekara goma, bankuna kuma na biyan kashi 0.3 cikin 100 na darajar kadarorinsu, wanda aka ɗaga zuwa kashi 0.5 a 2013. Masu sharhi da dama na ganin cewa bankunan na mayar da wannan nauyi kan abokan hulɗarsu ta hanyar kuɗin ruwa da cajin hidima.

An yi hasashen hukumar za ta kammala aikinta cikin kimanin shekara goma. Maimakon haka, majalisa ta yi wa dokarta gyara a 2015 da 2019 da 2021, ta ƙara mata ikon bin sawun asusun masu cin bashi da kama kadarorinsu, ta kuma tsawaita wa'adi. Hukumar ta sha bayyana cewa tana bin bashin sama da naira tiriliyan 4, kuma kimanin mutane da kamfanoni 350 ne ke riƙe da mafi yawansa. Abin da ya gagara karɓowa, a ƙarshe baitulmalin ƙasa zai ɗauka.

Abin da ya sauya

Ceton bai tsaya a 2009 ba. A Satumban 2018 aka soke lasisin Skye Bank, AMCON ta zuba naira biliyan 786 a Polaris Bank da ya gaje shi. Sayar da Polaris a 2022 ya sake jawo bincike a Majalisar Wakilai.

Dokar Bankuna ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta tanadi asusun warware matsalar bankuna, ta kuma ba Babban Banki ikon ɗora wa masu hannun jari da wasu masu bin banki bashi kason asara kafin a taɓa kuɗin jama'a. A watan Yuni, 2024, ba a ceci Heritage Bank ba. An soke lasisinsa, NDIC ta fara biyan masu ajiya har naira miliyan 5 kowanne, adadin da aka ɗaga daga naira 500,000 makonni kaɗan kafin nan. Masu ajiyar da ta haura haka sai sun jira an sayar da kadarorin bankin.

A Maris na 2024 kuma Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira biliyan 500 ga bankunan da ke aiki har ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, da biliyan 50 ga na shiyya, tare da wa'adin 31 ga Maris, 2026.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, ranar da banki ke tangal-tangal majalisa ba ta da sararin yin dogon nazari. Ikonta na aiki ne kafin matsala ta auku da kuma bayanta. Majalisar Dattawa ce ke tabbatar da naɗin Gwamnan Babban Banki da mataimakansa. Dokar 2007 ta wajabta wa Gwamnan bayyana gaban majalisa sau biyu a shekara, sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulki kuma sun ba ta ikon bincike da gayyatar kowane jami'i. A waɗannan zaman ne ya kamata a riƙa tambayar yawan basussukan da suka maƙale, da rancen da daraktoci ke bai wa kansu, da nawa AMCON ta karɓo a kowace shekara, tun kafin a kai ga buƙatar wani ceton.