Namijin Jimina, Uban da Ke Kwana Bisa Ƙwai

Mai karatu, duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san zakara ba ruwansa da kwanci. Daga cara sai yawo. Al'amarin jimina dabam yake, domin kuwa mafi yawan wahalar renon ƴaƴa a wuyan namiji take.

Shi ne ke tona ramin ƙwai cikin rairayi. Uwargida ta fara zubawa, sa'an nan sauran matan su zo su ƙara nasu cikin rami guda. Ƙwai ɗaya yana kai kusan kilo ɗaya da rabi, wato kimanin ƙwan kaza 24. Kishiyoyin da sun gama zubi sai su kama gabansu, su bar uwargida da maigida da aiki.

Kwanci yakan ɗauki kwana 42, ko kusa da haka, kuma rabon kwanan abin mamaki ne. Rana ta mace ce, domin gashinta launin ƙasa gare shi, in ta kwanta sai a ce tudu. Dare na namiji ne, tun da shi baƙi ne, duhu na rufa masa asiri. Tun da la'asar yake karɓar ƙwai, ba ya tashi sai gari ya waye sosai. Lokacin nan kuwa shi ne na farautar kura da dila.

Bayan ƙyanƙyasa ma bai huta ba. Yana gaba ƴaƴa na biye, in rana ta take ya buɗe fukafukai ya yi musu inuwa. In maƙiyi ya doso, wani lokaci ya tare shi da shuri. Wani lokaci kuma ya yi dabara: ya riƙa tangaɗi yana jan fiffike kamar karyayye, har ya janye maƙiyin nesa da ƴaƴan. In gida biyu suka gamu, manyan sukan gwabza, wanda ya yi rinjaye ya kora ƴaƴan duka ya riƙe, nasa da na wani.

To, ga inda ciwon yake. Gashin ado mai tsada, fari da baƙi, a jikin namiji yake. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma sun yi ta ɗaukarsa daga Damagaram zuwa Tarabulus. Maharbin da ya kashe namiji a lokacin kwanci, a ganina, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba, rami guda ya hallaka.

A shekarar 1988 gwamnati ta kafa gandun Ayar da Tenere, inda garken jiminar ƙasarmu mafi girma ya rage. Amma cikin tashin hankalin shekarun 1990 aka kusa ƙarar da su da bindiga. Waɗanda suka saura yawancinsu a killace suke, ana kiwon su don su yaɗu, musamman a Kelle, cikin gundumar Gure.