Jelatin da Ciwon Gaɓoɓin Karnuka: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Jelatin shi ne abin da ke sa romon ƙafar saniya ko na ganda ya daskare idan ya huce. Daga kolajin ake samun sa, wato furotin ɗin da ke riƙe da fata da jijiya da ƙashi da guringuntsi. Kamfanoni suna dafa fatar alade ko ta shanu, da ƙasusuwa, wani lokaci da fatar kifi, sannan su busar da ruwan ya koma gari. Masu kiwon karnuka a Turai da Amurka sun daɗe suna barbaɗa wannan gari a abincin tsohon kare mai ɗingishi, kuma zancen ya bazu har ana cewa yana warkar da amosanin gaɓoɓi.

Gaskiya ne cewa guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi a cikin gaɓa yana ɗauke da kolajin mai yawa, kuma zaizayewarsa na daga cikin ginshiƙan wannan ciwo. Kuskuren yana cikin tunanin cewa abin da kare ya haɗiye zai zarce kai tsaye zuwa gwiwarsa. Ciki da hanji suna farfasa jelatin kamar kowane furotin, ya koma ƙananan sinadarai da jini ke rabawa ko'ina a jiki. Ga shi kuma yawancin jelatin daga fata da ƙashi yake fitowa, inda kolajin nau'i na 1 ya fi yawa, alhali na guringuntsi nau'i na 2 ne. Guringuntsin kansa ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa idan ya cinye da ƙyar yake gyaruwa. Babu binciken da ya nuna jelatin ya mayar wa kare guringuntsin da ya lalace.

Batun rage zafi kuwa yana da 'yar madogara, sai dai siririya ce. A 2010 wasu masu bincike 'yan ƙasar Holand sun ba karnuka masu amosani giram 10 na jelatin da aka ƙara farfasawa, kullum har mako 8, kuma masu karnukan sun ce ɗingishi da sandarewar jiki sun ragu. Amma karnukan kaɗan ne, kuma da ganin idon masu su aka yi awo. Wannan ma'auni yana da rauni: wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na lokuta, masu karnuka suna ganin sauƙi a jikin karen da aka ba maganin da babu komai a cikinsa, alhali na'urar da ke auna ƙarfin taku ba ta nuna wani canji ba. Su kansu likitocin dabbobi ba su tsira daga wannan ruɗi ba. Dama amosani ciwo ne mai tashi da lafawa, kuma mutane sukan fara ba da sabon abu ne a lokacin da ciwon ya yi tsanani, sai lafawar da za ta zo da kanta ta zama yabo ga garin.

A 2022 masana a Jami'ar Montreal ta Kanada sun tattara binciken da aka yi kan irin waɗannan ƙarin abinci a karnuka da kyanwoyi. Hukuncinsu shi ne amfanin kolajin mai rauni ne, na gulukosamin da kondoroitin, waɗanda suka fi kowanne kasuwa, bai tabbata ba sam, yayin da mai na omega-3, irin wanda ake samu a kifi, ya nuna tasiri a fili.

Maganar cewa jelatin ba ya cutarwa tana buƙatar sharaɗi. Tsurar garin, marar zaƙi da kala, yawancin karnuka suna ɗaukarsa lafiya, ko da yake idan ya yi yawa yakan ɓata ciki. Haɗarin yana cikin abin da ake haɗa shi da shi. Jelin kayan zaƙi na mutane cike yake da sukari, wasu marasa sukarin kuma suna ɗauke da zailitol, wanda kan faɗar da sukarin jinin kare cikin gaggawa, ya kuma iya lalata hanta. Romon da aka dafa da albasa da tafarnuwa yana illa ga jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffen ƙashi kuma yakan tsattsage ya huda hanji. Haka nan jelatin ba cikakken furotin ba ne, domin ba shi da tiriftofan, ɗaya daga cikin sinadaran furotin da jiki ke buƙata, don haka ba ya maye gurbin nama ko ƙwai.

Babbar asarar da wannan jita-jita ke jawowa ita ce jinkiri. Ɗingishi ba kullum amosani ba ne. Yana iya zama tsinkewar jijiyar gwiwa, ko cutar da kaska ke yaɗawa, ko gurguncewar gaɓar kwatangwalo da manyan karnuka irin su Alseshan da Labrador ke gado, ko ma kansar ƙashi. Kowanne da maganinsa, kuma likitan dabbobi ne ke bambancewa. Idan amosani ne, akwai magungunan rage zafi da aka tanada don karnuka, irin su carprofen da meloxicam. Na mutane kamar ibuprofen da diclofenac kuwa suna iya gyambace cikin kare ko su kashe masa ƙoda.

Abin da ya fi samun hujja mai ƙarfi shi ne rage ƙiba. A wani dogon bincike da aka buga a 2002, an bi rayuwar karnukan Labrador 48, aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan uwansu ke ci. Waɗanda aka rage wa sun daɗe kafin amosani ya kama su, kuma sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 2. Idan aka haɗa wannan da tafiya a hankali kullum, da shimfiɗa mai laushi, da maganin likita, ana iya ƙara tsurar jelatin kaɗan a abinci, amma kare mai ciwon ƙoda sai an tuntuɓi likita tukuna saboda yawan furotin da ke cikinsa.