Kanwa da gishiri: darasin farko na ilimin sinadarai

Ya kai ɗalibi, idan kana zaune a Gure ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, ka san kwarurukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ƙasa ke yin fari fat da rani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa, rana ta busar da shi, ya bar kanwa a sama. Tun zamanin daular Muniyo fatake ke ɗaukar ta zuwa kasuwannin Damagaram da Kano. Da wannan kanwa za ka iya fahimtar tushen ilimin sinadarai.

Duk abin da ke da nauyi kuma ya ci wuri, sandararre ne, ko mai kwarara, ko iska, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Ƙanƙantarsu ta kai a jera miliyoyinsu a tsawon milimita 1. A tsakiyar atam akwai cibiya mai ɗauke da furoton, galibi tare da niyutoron, ilektoron kuma na kewaye da ita. Yawan furoton shi ne ke bambanta wani atam da wani: haidirojin na da 1, kabon 6, oksijin 8, sodiyam 11. Yuraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 yana da 92.

Abin da atam ɗinsa iri ɗaya ne tsantsa, shi ake kira sinadarin asali. An san guda 118 a yau, kuma jadawalin da ke cikin littafinka ya samo asali ne daga aikin Mendeleyeb, masanin ƙasar Rasha, a 1869. Amma kanwa ba ta cikin wannan jadawali, haka ma gishiri da ruwa, domin su haɗe-haɗe ne. Ruwa atam 2 ne na haidirojin da 1 na oksijin. Gishiri sodiyam ne da kulorin. Galibin kanwa kuwa sodiyam ne da kabon da oksijin da haidirojin, gauraye da ƙasa da ɗan gishiri.

A nan ya kamata ka tsaya ka lura da kyau. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, idan aka jefa shi cikin ruwa yakan kama da wuta. Kulorin iska ce mai guba. Amma da atam na sodiyam ya miƙa ilektoron ɗaya ga na kulorin, sai a sami abin da ake zubawa a miya kullum. Ke nan haɗin ba ya gadon halin sinadaran da suka haife shi.

Kana iya gwadawa a gida. Narka gishiri a ruwa, ka shanya a faranti: ruwan zai tafi, gishirin ya dawo, domin atam ba ya ɓacewa. Sa'an nan ka matsa lemun tsami a kan ɗan gutsuren kanwa. Kumfar da za ta taso iska ce ta kabon da oksijin, wato sabon haɗi ya samu a gabanka.

Wannan sani yana da amfani ga lafiyar gidanku. Wasu na kiran kanwa "potas", alhali sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma yawan sodiyam na jawo hawan jini. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Saboda haka a taƙaita ta ga mai jego.

Akwai kuma aidin, sinadari na 53. Jiki na buƙatar ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma rashinsa na kawo maƙoƙo, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ido ba ya bambanta gishiri mai aidin da marar shi, don haka a duba rubutun da ke jikin buhu ko leda kafin a saya, a kuma ajiye shi a rufe, nesa da danshi da zafin murhu.