Yadda Ganin Likitan Haƙori Ya Gagari Talakan Ingila

A watan Fabrairun 2024 ɗaruruwan mutane sun yi dogon layi cikin sanyi a ƙofar wani asibitin haƙori da aka buɗe a unguwar St Pauls ta birnin Bristol, har sai da 'yan sanda suka zo suka sallami na baya. Rajista kawai suke nema, a rubuta sunansu cikin waɗanda za a duba a farashin gwamnati. Tun a 2022 binciken BBC ya nuna cewa tara cikin goma na asibitocin haƙori masu aiki da hukumar lafiya ta NHS ba sa karɓar sabon majinyaci baligi. Kuma ba likitoci aka rasa ba, don masu rajista a Birtaniya sun haura dubu 40.

Da aka kafa NHS ranar 5 ga Yulin 1948, kyauta ake duba haƙori kamar kowace cuta. Jama'a suka yi caa. Mutanen da suka shekara suna fama da ruɓaɓɓun haƙora suka je aka cire musu, aka sa musu na roba, kuɗin da aka ware ya kasa. A 1951, ga kuma nauyin sayen makamai saboda yaƙin Koriya, ministan kuɗi Hugh Gaitskell ya ce majinyaci zai riƙa biyan wani kaso na kuɗin haƙoran roba da tabarau. Aneurin Bevan, wanda shi ya kafa NHS, ya yi murabus daga gwamnati a kan wannan, wani minista, Harold Wilson, ya bi shi. Shekara na zagayowa aka sa fam ɗaya a kan aikin haƙori. Tun daga nan baki ya fita daban da sauran jiki: a yi wa mutum tiyatar zuciya bai biya ko sisi ba, amma cike kogon haƙori sai ya sa hannu a aljihu, in ba yaro ba ne ko mai ciki ko mai karɓar wani tallafin gwamnati.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Yawancin likitocin haƙori ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Asibitin nasu ne, su ke biyan haya da albashi da kayan aiki, kwangila ce kawai tsakaninsu da NHS. Wanda kwangila ba ta yi masa ba yana iya ajiye ta ya koma ganin masu biya da kansu. Haka da yawa suka fara yi bayan an zaftare kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aikinsu a 1992.

Amma a ganina, babbar ɓarnar, kwangilar Afrilun 2006 ce ta yi ta. A da, kowane aiki da kuɗinsa, har ana zargin wasu da yawan huda haƙori don neman na cefane. Sai aka koma lissafin maki: duba baki maki 1, ciko ko cirewa maki 3, haƙoran roba maki 12. A lokacin, wanda ya zo da kogo ɗaya maki 3 ne, wanda ya zo da shida ma maki 3. Kamar a ce wa mai faci kuɗin taya ɗaya ne ko huda nawa ya liƙe. Ba sai an faɗa ba, zai guji tayar da ta sha ƙusa. Gyaran jijiyar haƙori mai cin sa'o'i da fizge haƙorin cikin 'yan mintuna duk maki iri ɗaya suke kawowa a lokacin. Asibitin da bai cika adadin makinsa na shekara ba, a karɓe masa kuɗi. Wanda ya cika da wuri, babu ƙari, sai ya rufe littafi. Ke nan mutumin da ya fi buƙatar likita shi ne likita ya fi yin asara a kansa.

Tsarin ya zo ne daidai lokacin da bakin Bature ya canja. A 1968, kashi 37 cikin ɗari na manya a Ingila da Wales ba su da haƙori nasu ko ɗaya. Zuwa 2009 adadin ya sauko kashi 6, kuma man goge baki mai sinadarin fuloraid na da hannu a ciki. Ci gaba ne, amma tsohon da ke da haƙoransa cike da tsofaffin ciko ya fi mai haƙoran roba buƙatar kulawa nesa ba kusa ba. Korona ta zo a 2020 ta rufe asibitocin daga ƙarshen Maris zuwa Yuni, aiki ya taru jibge.

Mai hali bai ji a jikinsa sosai ba, ya koma asibitin kuɗi. Talakan garuruwan bakin teku da na karkara shi ya kwana a ciki. An sha nuna mutanen da suka cire haƙori da filaya a gida, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocin Ingila, ciwon da buroshi da dubawa a kan kari ke hanawa.

Gwamnatoci sun yi ta kwaskwarima. A 2022 an ƙara maki ga mai ciko da yawa, a 2024 aka yi tayin fam dubu 20 ga likitan da zai je yankin da babu kowa, jam'iyyar Labour kuma ta shiga zaɓen shekarar da alkawarin ƙarin gurbi dubu 700 na ganin gaggawa. Duk a kan lissafin makin 2006 aka ɗora su.