Awon Jini Kafin Awon Ciki

A Wambai da sauran unguwannin Suleja, mace kan ji kalmar hawan jini a karon farko ranar da ta je awo, ciki ya riga ya kai wata biyar ko shida. A lokacin nan zuciya ta daɗe da ɗaukar kaya, domin jinin mai juna biyu yakan ƙaru da kusan rabi. Wadda ta shiga ciki da hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙiba, ko ciwon ƙoda, ita ce ta fi kusa da matsalar nan da ke bayyana bayan mako 20: awo ya kai 140/90, a ga furotin a fitsari, fuska da hannuwa su kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi. In aka yi sake, sai jijjiga.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wani ciwon zuciya da ke da alaƙa da wannan matsala. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun yi bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kan gazawar zuciyar masu jego, suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Amma binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya fi nuna yatsa ga rama da rashin karatu da kuma hawan jinin da aka yi lokacin goyon ciki.

Ke nan gyara tun kafin a samu rabo ake fara shi. A auna jini da suga kafin aure, da kuma tsakanin haihuwa da haihuwa. A rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali. Mai shan maganin hawan jini na lisinopril ta gaya wa likita tana son haihuwa, domin yana cutar da ɗan tayi. Akwai methyldopa da nifedipine a madadinsa. Wadda ta taɓa jijjiga kuwa, likita kan ɗora ta a kan ƙaramin asfirin daga mako na 12.

Maigida na da nasa rabon aikin: kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Suleja ko asibitin unguwa, da izinin fita ba tare da jan rai ba. Awon jinin kansa ba ya cin minti biyar.