Daga Yari Zuwa Jami'in Gyaran Hali: Matsayin Ilmi a Aikin Gandiroba

Harshe madubin al'umma ne, sunan da mutane suka laƙaba wa abu kuwa shi ke nuna yadda suka ɗauke shi. A sarautun gargajiya na ƙasar Hausa, Yari shi ne mai riƙe da kurkukun sarki, daga nan aka sami kalmar gidan yari. Da Turawa suka zo, sai kalmomin fursuna da gandiroba suka shigo bakin jama'a. A yau kuma ana cewa gidan gyaran hali. Kowane suna da irin ma'aikacin da yake bukata, na ƙarshen nan kuwa ba ya samuwa sai da karatu.

A zamanin En'e, yawancin gidajen yari na Arewa suna hannun sarakuna, abin da aka fi dubawa wajen ɗaukar mai tsaro kuwa shi ne ƙarfi da biyayya. A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, ta haɗe su da nata, sa'an nan Doka ta 9 ta 1972 ta tsara aikin. Babban sauyi ya zo a 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta raba aikin gida biyu, wato tsare masu laifi, da kuma lura da waɗanda aka yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa jama'a aiki.

To, yaya matashin Boɗinga ko Shagari zai shiga wannan aiki? Ƙofofi uku ne. Mai takardar sakandare yana shiga a matakin ƙasa, na mataimaka. Mai difloma ta ƙasa, ko takardar malanta ta NCE, yana shiga a sahun sufetoci. Mai digiri kuwa yana farawa a sahun sufuritanda. Ƙofar tsakiya ita ta fi dacewa da ɗan talaka, domin difloma shekara biyu ce, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga garuruwan nan biyu. Haka abin yake a Amurka, inda masu son wannan aiki da dama suke yin karatun shekara biyu a ƙananan kwalejojin yankinsu. Bayan an ɗauki mutum, sai a tura shi makarantar horon hukumar, irin ta Kaduna, ya koyi fareti da dokokin aiki.

Amma wata shida ko bakwai na fareti ba za su koya wa mutum abin da aikin yake bukata duka ba. Na farko, sanin shari'a. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba. Jami'in da bai iya karanta takardar kotu ba, bai san ranar da wa'adinta ke cika ba, yana iya barin bawan Allah ya shekara a ɗaure a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dokar 2019 ma ta bai wa shugaban gida ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gidan ya cika maƙil, iko irin wannan kuwa sai wanda ya san da shi zai iya amfani da shi. Na biyu, sanin halayyar ɗan Adam, domin a cikin ɗaki ɗaya akwai ɓarawon akuya, da mai taɓin hankali, da wanda ƙwaya ta lalata, kowa da irin hannun da za a bi da shi. Na uku, iya koyarwa, tun da ana koyar da sana'a a gidajen, har Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyin karatu a wasu daga cikinsu. Saboda haka ne ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Nelson Mandela, suka nace a kan a zaɓi ma'aikata masu isasshen ilmi, a kuma ci gaba da horar da su.

Akwai masu ganin aikin gandiroba bai kamaci mai ilmi ba. Tarihin wannan yanki bai goyi bayansu ba. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma, wanda ya yi rubutu mai yawa a kan shari'a da adalcin masu mulki, ya zauna a Boɗinga. Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida daga 1962 zuwa 1965, ma'aikatar da gidajen gyaran hali ke ƙarƙashinta a yau. Haɗa ilmi da riƙon jama'a ba baƙon abu ba ne a nan.

Har ila yau, gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi damar kafa gidajen gyaran hali nasu. Duk jihar da ta ɗauki wannan nauyi za ta nemi ma'aikata daga 'ya'yanta, masu jin harshen fursuna da sanin al'adarsa.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Dokar 2019 ta ginu ne a kan cewa ana iya gyara shi. Wanda zai raba wannan gardama shi ne jami'in da ke buɗe ƙofa kowace safiya. Yawancin fursunoni za su fito wata rana su koma cikin jama'a, a kasuwa ɗaya da masallaci ɗaya, irin mutumin da zai fito kuwa ya danganta ƙwarai da ilmin wanda ya tsare shi.